ABINCIN "OGANIK" DA HATIMINSA: Bayani ga Masu Juna Biyu da Iyalansu



A 'yan shekarun nan wata kalma ta shigo bakin jama'a, wato "oganik". Ana jin ta wajen tallar zuma da garin zogale, ana ganin ta a jikin robar man kwakwa da ledar shayi da sauran tsarabar da 'yan'uwa ke kawowa daga Kano ko Abuja. Masu talla kan ce irin wannan abinci ya fi lafiya, musamman ga mai ciki, kuɗinsa kuma ya fi na sauran. Mata daga Birnin Tudu, Bakura, Talata Mafara da Maradun sukan tambaye mu a ɗakin awo ko lallai ne su neme shi. Ba lallai ba ne. Sai dai damuwar da ta kawo tambayar gaskiya ce: me aka zuba wa abincin nan, kuma zai iya kaiwa ga abin da ke cikina? Wannan shi ne abin da za mu duba a wannan fitowa.

MENE NE OGANIK?

Oganik suna ne na wata hanyar noma. Manomin da ya bi ta ba ya sa takin zamani irin su yuriya da NPK, ba ya fesa maganin ƙwari ko na ciyawa da aka harhaɗa a masana'anta, ba ya shuka irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. Yana dogara ne ga takin gida, da sauya shuka daga shekara zuwa shekara, da noman fartanya, da magunguna irin ruwan ganye ko 'ya'yan darbejiya. Idan kiwo ne, ba a ba dabba ko kaza maganin kashe ƙwayoyin cuta don kawai ta yi saurin girma, abincinta ma sai an noma shi ta wannan hanya.

Duk wanda ya tashi a karkara zai ce ai wannan shi ne noman kakanninmu. Haka ne. Manomin da ke kai takin shanu gona da jaki, ya bar gawo a tsakiyar gonarsa, ya haɗa gero da wake, ya kusa cika sharuɗɗan ko da bai taɓa jin kalmar ba. Abin da ya rasa shi ne takardar shaida.

YADDA AKE BA DA SHAIDA

A ƙasashen da suka yi doka kan wannan, mutum ba shi da ikon rubuta kalmar a jikin kayansa sai wata hukuma mai zaman kanta ta bincike shi. Manomi zai rubuta takardar neman shaida, ya bayyana tarihin gonarsa da duk abin da yake zuba mata. Daga nan gonar za ta shiga lokacin jira. A Amurka sai ta yi shekara 3 ba a sa mata haramtaccen taki ko magani ba, a Tarayyar Turai kuwa shekara 2 ne ga amfanin da ake shukawa duk shekara, 3 ga itatuwa. Mai bincike zai zo gonar aƙalla sau ɗaya a shekara, wani lokaci ba tare da sanarwa ba. Zai duba rumbu, ya duba rasit na iri da taki, ya duba tazarar da ke tsakanin gonar da ta maƙwabci mai feshi, yana iya ɗibar ƙasa ko hatsi ya kai ɗakin gwaji. Mai sarrafa kayan da mai ɗura su a leda su ma sai an bincike su, don kada a gauraya da wani a hanya.

Wanda ya tsallake duk wannan shi ke samun hatimi. Na Amurka da'ira ce mai rubutun USDA, an fara amfani da shi a 2002. Na Tarayyar Turai ganye ne da aka zana da fararen taurari a kan koren fili, ya zama dole a jikin kayansu tun 2010, kuma kusa da shi ana sa lambar hukumar da ta yi binciken da inda aka noma kayan. A duka biyun sai kashi 95 cikin 100 na abin da ke ciki ya kasance oganik.

Aikin yana cin kuɗi ƙwarai, shi ya sa a Nijeriya galibi kayan da ake fitarwa waje ne ke samun wannan shaida, kamar riɗi da citta da zoɓo. Kamfanin da ke saye yakan tara ƙananan manoma a rukuni ɗaya, ya biya wata hukumar waje irin Ecocert ta Faransa ta zo ta duba su. Akwai kuma hanya mai sauƙin kuɗi da ƙungiyar masu noman oganik ta Nijeriya, NOAN, ke koyarwa, inda manoma da masu saye ke kafa ƙungiya suna ziyartar gonakin juna suna zama shaida.

To, 'yar'uwa, idan kin ga kalmar a jikin roba, nemi sunan hukumar da ta yi bincike da lambarta. In babu, to mai kayan ne ya yabi kansa, kuma buga takarda mai koren ganye ba shi da wuya a kowane shagon ɗab'i. Lambar NAFDAC ma kada ta rikita ki. Ita tana nuna an yi wa kayan rajista an kuma duba wurin da ake yin su, ba ta ce komai game da yadda aka yi noman ba.

SHIN YA FI GINA JIKI?

A 2012 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara bincike sama da 200 da aka yi kan wannan tambaya. Ba su sami ƙwaƙƙwarar hujja cewa abincin oganik ya fi sauran sinadaran gina jiki ba. Abin da suka samu shi ne ba a cika samun ragowar maganin ƙwari a jikinsa ba kamar sauran. Saboda haka alayyafon da aka sa wa yuriya zai ƙara miki jini daidai da wanda aka sa wa kashin awaki. Takin zamani ba guba ba ne da ke taruwa a cikin ƙwayar shinkafa. Abinci ne na shuka. Inda ya kamata a sa ido shi ne maganin feshi da maganin ajiya.

NOMAN RANI DA FESHI

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori a 1978, yankin nan ya zama wurin noman rani: shinkafa, alkama, tumatir, albasa, tattasai, dankali da kayan ganye. Inda ruwa da ɗanyen ganye suke a lokacin rani, nan ƙwari ke taruwa, manomi kuma ba zai zuba ido ya yi asarar guminsa ba. Ba laifi ba ne ya yi feshi. Matsalar ita ce a yi feshi yau a tsinka gobe saboda kasuwar Talata ta kama. Kowace kwalbar magani ta ƙwarai tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Maigida, idan ba ka karanta boko ba, sa malamin gona ko ɗanka ya karanta maka, ka kiyaye kwanakin nan ko da farashi ya tashi.

Wasu daga cikin magungunan nan suna ratsa mabiyiya su kai ga ɗan tayi. Akwai mai suna chlorpyrifos wanda Tarayyar Turai ta hana a 2020 saboda fargabar illarsa ga ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. A 2023 NAFDAC ta sanar da jadawalin janye shi daga Nijeriya, tare da paraquat da atrazine na kashe ciyawa. Amma sanarwa daban, ƙarewar kaya a shagunan ƙauye daban, don haka a duba sunan sinadarin da ke jikin kwalba kafin a saya.

A ganina, matar manomi ta fi haɗuwa da magani a cikin gidanta fiye da a cikin miya. Ita ke wanke rigar da aka yi feshi da ita. A ɗakinta ake ɓoye kwalbar don kada yara su ɗauka. Galan ɗin da ya ƙare kuma ana ɗauraye shi a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Mai ciki da mai shayarwa kada su wanke kayan feshi, kada su shiga gonar da aka fesa sai kwanakin sun cika, galan kuwa a huda shi a binne nesa da rijiya. Ɗauraya ba ta raba roba da magani.

WAKE

Wake shi ne naman talaka, kuma muna yawan cewa mai ciki ta ci shi, don haka dole mu daɗe a kansa. A gona ba shi da matsala sosai. Bayan an sussuke an zuba a buhu ne ƙwaro ke fara huda shi, mai ajiya kuma yana son ya kai bazara lokacin da farashi ke hawa. Nan ne wasu ke yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper, waɗanda sinadarinsu shi ne dichlorvos, wasu su jefa ƙwayar Phostoxin tsirara a cikin buhu. A da Gamalin ake amfani da shi.

Abin ya sha jawo ɓarna. A 2008 ɗalibai mata sama da 100 a wata makarantar sakandare da ke Doma a Gombe suka kwanta asibiti bayan cin wake mai magani, kuma a shekarar ce NAFDAC ta haramta magungunan gona 30. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan ta yi ta samun dichlorvos a cikinsa fiye da ƙa'idarta nesa ba kusa ba, an kuma sake tsawaita hanin fiye da sau ɗaya. Waken da aka ƙi a can, irinsa ne a kasuwanninmu, ba wanda ya gwada shi kafin a auna mana. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna.

Da me za ki gane? Ɗebi waken a tafin hannu ki sansana. Idan kin ji wari irin na maganin sauro ko na tafarnuwa, ko kin ga farin gari mai kama da toka ya maƙale a hannunki, bar shi ko da ya fi araha. Idan damina ta kusa, kika ga tsohon wake fes ba ko huda ɗaya, tambayi mai shi yadda ya ajiye shi. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Hanci dai ba ya kama komai, shi ya sa ko wanne kika saya ki wanke shi sosai, ki tafasa na ɗan lokaci ki zubar da ruwan farko, sannan ki sake sabon ruwa. Wannan yana rage magani, amma ba ya mayar da waken da aka jiƙe da guba ya zama na ci.

Ga masu ajiye nasu, akwai buhun PICS mai hawa uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi tare da abokan aikinsu na Afirka, ciki har da na cibiyar binciken noma ta Nijar a Maraɗi, aka fara yaɗa shi a 2007, kuma ana yin sa a Kano. Ana busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron zai shaƙe iskar da ta rage ya mutu. Jarka ko duro mai murfin da ba ya shan iska ma yana yin wannan aiki idan an cika shi fal. Gidan da ya yi haka ya sami waken da babu magani a cikinsa ba tare da wani hatimi ba. Ita kuwa ƙwayar Phostoxin iska mai kisa take fitarwa, kada a taɓa ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da ake kwana ko na kusa da shi.

Lokacin mangwaro da ayaba kuma a yi hattara da waɗanda aka nuka da kabaid na masu walda: bayan ya yi rawaya gaba ɗaya, ciki kuma da tsami da tauri.

ABIN DA HATIMI BA YA KAREWA

Takin gida yana da kyau ga ƙasa, amma ɗanyensa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. Dokar oganik ta Amurka da kanta ta ce idan an zuba ɗanyen kashin dabba, sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. A 2011 sama da mutum 50 suka mutu, galibinsu a Jamus, bayan cin ɗanyen tsiron iri da ya fito daga wata gonar oganik mai takardar shaida. Don haka latas, kabeji, karas da tumatir, ko daga lambun wa suka fito, a wanke su da ruwa mai tsabta ana sauyawa, ba da sabulu ko omo ba. Ga mai ciki dafaffe ya fi. Idan za a yi kwaɗon zogale ko rama, a tabbata ganyen ya dahu, albasa da tumatir da za a yanka a kai kuma an wanke su. Nono ma haka: a nemi wanda aka tafasa madararsa kafin ya yi tsami, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da cututtukan da ke jawo zazzaɓi mai tsawo, wasu har ɓari.

Sai hunhuna. Gyaɗa da masara da ba su bushe da kyau ba suna yin wata hunhuna mai fitar da guba da ake kira afilatoksin. Dahuwa da suya ba sa kashe ta. Tana lalata hanta sannu a hankali, tana kaiwa ga ɗan tayi, tana kuma fita a ruwan nono. Mu mata mu ke yin mai da ƙuli-ƙuli, mun kuma san gyaɗar da ta yamutse ko ta yi baƙi ita ce mai araha. A tsince ta a zubar, kada a ce ai niƙawa za a yi ba mai gani. A shanya a kan tabarma ko leda, a ɗora buhu a kan katako kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Mu mutanen Zamfara ba ma buƙatar a ba mu labarin gubar dalma. A 2010 yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, saboda ana dakan dutsen zinare a cikin gidaje. Geron da aka ci a gidajen nan na gonar gargajiya ne, amma turmi da injin niƙa da tsakar gidan da ake shanya sun cika da ƙurar dalma, ta nan ta shiga abinci. Haƙar zinare tana nan har a ƙasar Maradun. Dalma tana taruwa a ƙashin mace shekara da shekaru, idan ta sami ciki sai ta fito cikin jini ta wuce wa ɗa. Turmi ko injin da ya taɓa dutse kada ya taɓa hatsi, mai aikin haƙa kuma ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shigo gida. Idan mijinki ko ɗanki yana wannan aiki, ki gaya mana ranar awo.

ALAMUN DA SUKA FI AMFANAR KI

A jikin duk abin da aka ɗura a leda, gwangwani ko roba, duba lambar NAFDAC, sunan kamfani da adireshinsa, da ranar ƙarewar wa'adi. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bar shi.

Gishiri: tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin ci. Ƙwaƙwalwar jariri tana buƙatarsa tun watannin farko, rashinsa kuma yana kawo maƙoƙo da ɓari da yaro mai raunin fahimta. Sayi na leda wanda aka rubuta yana da aidin, ki adana shi a rufe nesa da murhu. Wasu na tallar gishirin dutse da sunan shi ne na asali da ba a taɓa ba. Abin da ba a sa masa ɗin shi ne abin da kike buƙata.

Alamar ido a jikin man girki, sukari da fulawa tana nufin an ƙara musu bitamin A, wanda ya zama dole tun 2002. Man da ake aunawa a kwalba daga duro ba shi da wannan tabbaci.

Haɗe-haɗen gari da saiwoyi da shayin da ake sayarwa da sunan oganik don "wankin mahaifa" ko sauƙin haihuwa, kada ki sha sai kin nuna mana. Kasancewar abu daga itace ya fito ba ya hana shi tayar da naƙuda kafin lokaci. Kuma babu garin da zai maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid da ake ba ki wajen awo.

Kada kuma wannan bayani ya sa ki rage cin wake da ganye don tsoro. Ƙarancin jini shi ne abin da muke gani kullum a ɗakin haihuwa, yana kuma cikin abubuwan da ke sa zubar jini kaɗan ta zama haɗari. Kuɗin da za a kashe kan robar da aka rubuta wa oganik, a sayi ƙwai, kifi, wake mai kyau da kayan miya. Idan da fili a tsakar gida, a shuka zogale, alayyafo da yakuwa, a sa musu takin da ya ruɓe sosai.

IDAN AN CI GUBA

Alamun gubar maganin ƙwari sukan bayyana cikin mintoci zuwa 'yan awoyi: dalalar miyau, hawaye, gumi mai yawa, amai, gudawa, murɗar ciki, rawar tsoka, ƙanƙancewar baƙin ido da wahalar numfashi. Idan mutane da yawa sun kamu bayan cin abinci ɗaya, a ƙara zargin haka. Kada a ɗura wa mutum manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, domin abin yana iya shiga huhu. Idan a jiki maganin ya zuba, a cire tufafin a wanke fata da ruwa da sabulu. A kwantar da shi ta gefe, mai ciki ta gefen hagu, a nufi asibiti mafi kusa nan take, ko na Bakura, ko na Talata Mafara, ko na Maradun, ba sai an jira zuwa asibitin koyarwa ba. Akwai allurar da ke karya irin wannan guba idan an zo da wuri. A taho da kwalbar maganin ko ragowar abincin a cikin leda, mai ciki kuma ta taho da katin awonta, domin za a duba bugun zuciyar jaririn ko da ita ta ji sauƙi.